Ƙaramar Mota a Bayan Motar Ɗaki: Nazarin Wahalar Wata 16 da Kuɗin da Ta Ci

## Asalin lamarin

A Amurka ana yawan ganin wata babbar mota da aka gina wa ɗaki a bayan direba: gado, kicin, banɗaki, firji, tankin ruwa, komai na ciki. Masu ritaya da yawa suna sayenta, su kulle gida su shiga yawon ƙasa wata da watanni. Wanda ya lura a kan hanya zai ga da yawansu tafe da wata ƙaramar mota maƙale a baya, ba kowa a cikinta, tana binsu kamar raƙumi da akala.

Wanda wannan nazari ya shafa magidanci ne da ya haura shekara 60, ya ajiye aiki, yana zaune da matarsa a wata jiha ta tsakiyar ƙasar inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai. Sun sayi motar ɗaki ta hannu mai tsawon ƙafa 25, wadda aka ɗora a kan sasin Mercedes Sprinter 3500 mai injin dizal. Mutum ne mai ajiye rasit, yana kuma rubuta duk abin da ya kashe a wani ɗan littafi. Daga nan alƙaluman da ke ƙasa suka fito, an dai daidaita su zuwa cikakkun lambobi. Nauyi kuwa da laba aka rubuta, don da ita Amurkawa ke awo. Laba ɗaya ba ta kai rabin kilo ba, gram 454 ce.

Shekararsu ta farko sun yi ta ba ƙaramar mota. Duk sansanin da suka sauka sai an jona wuta, an jona ruwa, an jona bututun zubar da ƙazanta, an sa katakai a ƙarƙashin taya don ɗakin ya daidaita. In magani ya ƙare, ko suna son zuwa kallon wani wuri mai nisan mil goma, sai a kwance duk wannan, a ɗaure kwanuka, a tuƙa gidan gaba ɗaya cikin gari, a yi ta neman inda zai shiga. Sun gwada hayar mota sau uku. A ƙananan garuruwan da suka fi so babu ma ofishin haya. Da hunturu ya shigo suka yanke cewa baɗi za su tafi da motarsu ta gida: wata 'yar madaidaiciya mai jan gaba, mai giyar atomatik irin wadda ake kira CVT, nauyinta wajen laba 3,450.

A jikin mahaɗin ƙarfen da ke bayan motar ɗakin akwai wata takarda da aka liƙa: laba 5,000. Ya duba, ya ga motarsu ba ta ko kusa, ya ɗauka magana ta ƙare.

## Fabrairu: an sayi sandar ja

Hanyar jan mota uku ce. Ko dai a ja ta da ƙafafunta huɗu a ƙasa, ko a ɗora tayoyin gaba a kan wani ɗan amalanke mai taya biyu, ko a loda ta gaba ɗaya a kan tirela. Ta farko ce ya fi gani wurin maƙwabta a sansani, kuma ita ta burge shi: mutum ya zare fil biyu, ya cire waya, cikin minti biyar ya shiga motarsa ya tafi.

Babban abin da ido ke gani a wannan hanya shi ne sandar ja, wani ƙarfe mai hannu biyu da ke buɗewa kamar cinyoyin almakashi. Kansa yana shiga mahaɗin bayan motar ɗaki, hannayensa biyu su kama gaban ƙaramar motar. Kamfanoni irin su Blue Ox da Roadmaster da Demco sun yi suna a kanta. Ya samu wata ana rangwame a intanet, mai ɗaukar laba 6,000 da ɗoriya, wadda hannayenta ke zuƙewa su miƙe don kada sai an saita mota daidai kafin a haɗa. Ya biya dala 950.

Sandar ba ta kama bamba. Sai an kwance fuskar motar an ɗaure wani gindin ƙarfe a jikin sasinta da manyan notuna, a bar kunnuwa biyu suna leƙowa ta gaba. Wannan gindin ƙarfe kowace mota da nata, har shekarar ƙira ana dubawa. Da ya je garejin da ke irin wannan aiki, bakaniken bai ko taɓa sifana ba. Littafin motar ya ce a ɗauko masa daga aljihun gaba, ya buɗe shafin da ke maganar jan mota a bayan motar ɗaki, ya juyo masa da shi.

"Yallaɓai, wannan motar ba a janta da ƙafa huɗu a ƙasa. In ka matsa zan ɗaura maka, amma giyabos ɗinka za ka binne a hanya."

Dalilin yana da sauƙin ganewa. A giyabos na atomatik, famfon da ke zagayawa da mai inji ne ke juya shi. In inji a kashe yake, famfo a tsaye yake. Amma muddin tayoyin da ke jan motar suna ƙasa suna gudu, suna juya ƙarafan cikin giyabos ɗin ta baya, ko da giya tana firi. Ƙarfe na gogar ƙarfe ba mai, zafi na taruwa ba mai kwashe shi. Wasu kamfanoni sun yarda a yi ɗan gajeren ja na gaggawa a hankali. Ɗaruruwan mil a kan babban titi kuwa wani zance ne. Masu CVT, waɗanda bel na ƙarfe ke gudu tsakanin wasu faifai biyu a cikinsu, kusan dukkansu kamfanoninsu sun hana. Akwai famfon lantarki da ake ƙara wa wasu motoci don ya riƙa tura mai yayin ja, amma bakaniken ya ce babu wanda ya dace da tasu. Kuma in giya ta ƙone ta wannan hanya, garantin kamfani ba ya biya.

Lokacin mayar da sandar ya wuce, don ya riga ya fasa kwali ya gwada ta a mahaɗi. Aka jingine ta a lungun gareji.

## Afrilu: tirela ta faɗi tun a takarda

Wannan bai ɗau lokaci ba. Tirelar ƙarfe ta ɗaukar mota ita kanta tana haura laba 2,000. A haɗa da mota mai 3,450, an wuce 5,000 ɗin da aka liƙa a mahaɗi tun ba a saka ko jarka ba. Ban da haka, tirela tana danna wa bayan mai janta kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta, mahaɗin nan kuwa laba 500 aka yarda a danna masa. Ta alminiyom ta fi sauƙi, amma kuɗinta ya kore shi.

## Mayu da Yuni: amalanke mai taya biyu

Saura amalanke. Ga mota mai jan gaba ya dace: tayoyin da ke haɗe da giya suna sama, na baya kawai ke birgima, ba ruwansu da giyabos. Ba a huda mota, ba a kwance mata fuska. Littafin motar ma ya amince.

Iri biyu ya tarar. Akwai mai birkin kansa, wanda in mai ja ya rage gudu amalanken ya turo gaba, turowar ce ke matse masa birki. Akwai kuma marar birki, wanda ya fi araha da dala ɗari biyar zuwa shida. Ya ɗauki marar birki a kan dala 1,600, nauyinsa laba 550. Lissafinsa: 3,450 da 550 sun tashi 4,000, saura 1,000 kafin iyaka.

Wata biyu abin yana tafiya, sai dai da gumi. Sai an saita mota sosai a hau da ita kan ramfa biyu, matar na gaba tana nuni da hannu. Sai a durƙusa a rufa wa kowace taya ragar igiya, a ɗaure ta da abin matsewa, a shiga ƙarƙashi a saƙala sarƙoƙin tsaro. Giya a fakin, birkin hannu a sake. Bayan 'yan mil na farko dole a tsaya a sake matse igiyoyin, don suna saki, balle in ruwan sama ya jiƙa su. Ya auna: minti 25 ɗorawa, 15 saukewa. Ga mai ciwon gwiwa ba ƙaramin aiki ba ne. In an isa sansani kuma amalanken ya zama baƙo na uku da ba a tanadar wa wurin kwana ba. A wasu wurare sai an tura shi da hannu zuwa wani fili a can gefe.

Ribas kuwa babu. Haɗin yana da gaɓa biyu masu lanƙwasa, da an ja baya taku kaɗan sai ya karye gefe. Wata rana a gidan mai ya shiga layin da ba mafita ta gaba, sai da aka sauke mota, aka kwance amalanke, aka juya, aka sake ɗorawa, mutane na jira a baya. Minti 50.

Tsayawa fa? Ya lura motar na ɗaukar nisa kafin ta tsaya, sai ya ƙara tazara tsakaninsa da na gaba. A ƙasa mai shimfiɗa wannan ya wadatar.

## Yuli: gangaren Kolorado

A tsakiyar Yuli suka nufi yamma a kan babbar hanyar I-70. Kimanin mil 60 daga birnin Denba na jihar Kolorado hanyar tana ratsa duwatsun Roki ta ramin Eisenhower, a tsayin da ya haura ƙafa 11,000, wato wajen mita 3,400. Hawan ya yi musu nauyi, injin yana nishi, amma sun haye. Da an fito ta bakin yamma sai gangara mai kashi 7 cikin 100, kusan mil bakwai, har garin Silverthorne. A gefen hanyar an yi wa manyan motoci titunan tsira cike da tsakuwa, don wanda birki ya ƙwace wa ya afka ciki.

Ya shiga gangaren da gudun mil 55 a awa, giya a inda take, ƙafarsa a kan birki yana ɗan dannawa ba ɗagawa. Bayan mil huɗu matar ta ce, "Maigida, ka ji ƙauri?" Kafin ya amsa ya ji abin takawar ya yi laushi, yana nutsewa, motar ba ta amsawa kamar da. Ya sauko da giya, ya sake saukowa, injin ya ɗau kuka, gudu ya ɗan ja baya. Allah ya sa ba cunkoso. Ya samu ya gangara gefe a ƙasan tudun, hayaƙi na tashi daga tayoyin gaba.

Birki ba ya yin komai sai mayar da gudu zafi. In zafin ya fi ƙarfin abin da faifan zai zubar wa iska, takalmin birkin sai ya yi santsi ya daina kamawa, man birki kuma yana iya tafasa ya yi kumfa a cikin bututu, kumfa kuwa matsuwa yake yi maimakon ya tura. Ƙaramin injin dizal da ba a sa masa birkin hayaƙi (abin da ke toshe fitar hayaƙi don injin ya riƙe mota) ba shi ma ba ya riƙe mota a gangara sosai, don ba shi da maƙogwaron iska mai rufewa irin na injin fetur.

Gyara ya ci dala 900: takalman birki, faifan gaba biyu da suka yi shuɗi, da sabon mai. Kwana biyu a otal suna jira, dala 300.

## Bayan kwana uku: kan sikeli

Bakaniken da ya yi gyaran ne ya tambaye shi yaushe rabonsa da hawa sikeli. Bai taɓa ba. A manyan tashoshin da direbobin tirela ke tsayawa akwai sikelin da kowa zai iya hawa, kuɗinsa bai kai dala 20 ba. Ya je ya auna yadda suke tafe, sannan ya kwance ya auna ɗaya bayan ɗaya.

Motar ɗaki, da su biyun a ciki da cikakken tankin ruwa: laba 11,300. Ƙaramar mota: 3,900, ba 3,450 ba, don a hankali ta zama sito, kujerun waje da injin wuta da kwalayen kaya duk an tura mata. Amalanke: 550. Jimla 15,750.

Sai aka zo kan lambobi biyu da bai taɓa dubawa ba. Ta farko, wadda ake taƙaitawa GVWR, ita ce iyakar nauyin motar ita kaɗai da duk abin da ke cikinta. Tana nan a rubuce a jikin ƙofar direba. Ga wannan sasi laba 11,030 ce, kilo 5,003. Ta biyu, GCWR, ita ce iyakar motar haɗe da duk abin da take ja: 15,250, kilo 6,917. In aka cire ta farko daga ta biyu, abin da ya rage wa ja idan motar ta cika maƙil shi ne laba 4,220. Lambar 5,000 da ke jikin mahaɗi ƙarfin wannan ƙarfen kawai take faɗa, ba ta san komai game da inji ko giya ko birki ba. Wadda ta fi ƙanƙanta a cikinsu ita ke da iko.

Wato ranar gangaren ya haura iyakar farko da laba 270, ta biyu da 500. Kuma birkin mota ana ƙera shi ne don ya tsayar da nauyin motar kanta, ba na abin da ke binta ba. Laba 4,450 ke tura shi ta baya ba tare da ko taya ɗaya tana taimakon tsayawa ba.

Da ya bincika doka ya ga kowace jiha da nata. Jihohi da yawa, har da Kolorado, sun ce abin ja da ya kai laba 3,000 sai da birkinsa. Teksas ta kai 4,500. Kalifoniya kuma, ban da nata sharuɗɗan birki, ta ƙayyade wa duk mai jan wani abu gudun mil 55 a awa. Mai ratsa jihohi goma a tafiya ɗaya ba shi da zaɓi sai ya shirya wa wadda ta fi tsanani.

Nan take suka zubar da ruwan tanki suka bar kaɗan. Galan ɗaya na ruwa ya ɗara laba takwas, tankin galan 30 ke nan laba 250 cif. Suka aika wasu kaya gida. Matar ta tuƙa ƙaramar motar a baya har suka fita daga duwatsu, shi kuma yana jan amalanke fanko.

## Agusta zuwa Satumba: sauya mota

Hanya biyu ta rage. Ko a sayar da amalanken a sayi mai birki, ko a koma wa sandar da ke jingine a gareji ta hanyar neman motar da ta yarda a ja ta. Ta farko ta fi arha nesa ba kusa ba, kuma da ta magance matsalar birki. Amma ba ta rage laba 550 na amalanke, sai ma ƙari, ba ta kuma ɗauke durƙuso. Gwiwarsa ce ta yanke hukunci.

Ransa ya so Jeep Wrangler, wadda ta fi kowace mota farin jini wurin masu wannan harka. Tana da akwatin raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya wanda ake iya sawa a firi da hannu, sai tayoyi su rabu da giyabos gaba ɗaya. Amma mai ƙofa huɗu tana kai laba 4,200 ko fiye tun ba a sa mata komai ba. A bayan babbar motar ɗaki mai sasin Ford E-450, wadda iyakokinta suke 14,500 da 22,000, wannan ba abin damuwa ba ne. A bayan tasa kuwa ta cinye ragowar duka. Wannan karon da alƙalami ya fara, kuma alƙalami ya ce a'a.

Ya ƙare a kan Honda CR-V ƙirar 2014, shekara ta ƙarshe da kamfanin ya amince a ja wannan samfuri da ƙafa huɗu. Daga 2015 aka koma CVT. Nauyinta wajen laba 3,450, daidai da wadda ya rabu da ita. Kafin ya biya sai da ya karanta shafin ja a littafinta da idonsa. Kuɗin tsohuwar motar ya biya wannan har da ɗan canji, sai dai ya koma motar da ta girmi tasa da shekaru, kuma haraji da rajista sun ci dala 1,100. Amalanken ya tafi a dala 1,000, hasarar 600.

## Oktoba: ɗauri da gwaji biyu

Garejin farko ya koma. Aikin ya ɗau yini guda da rabi.

Aka ɗaura gindin ƙarfe, dala 500. Aka ja waya daga gaba zuwa fitilun baya don sigina da fitilar birkin ƙaramar motar su riƙa bin na babbar, da wasu 'yan diyod da ke hana wutar wannan mota komawa cikin wayoyin waccan, dala 200. Igiyoyin tsaro biyu na ƙarfe da makullan fil, 100. Ana gicciya su a ƙarƙashin sandar don in ta kuɓuce ta faɗa kansu maimakon ta soki kwalta. Sai mafi tsada, birkin taimako, 1,300. Akwai wanda ake binnewa a motar dindindin, akwai na ɗauka-ajiye, wani akwati da ake zaunarwa a gaban kujerar direba, hannunsa na kama abin taka birki; in ya ji an rage gudu sai ya danna daidai gwargwado. Na biyun ya zaɓa don in ya sake mota ya tafi da abinsa. Tare da shi akwai makunnin tsinkewa: wata siririyar igiya da in ƙaramar motar ta rabu da babbar za ta fizge wani fil, akwatin ya danne birki har ƙasa. Ladan aiki, 1,100.

Gwajin farko a filin ajiye motoci bai wuce mita ɗari ba. Bakaniken ya sa tef ya auna daga ƙasa zuwa mahaɗin babbar, ya auna zuwa kunnuwan ƙaramar: bambanci inci biyar. Masu ƙera sandar sun ce kada ya wuce inci uku sama ko ƙasa, don in ta karkace da yawa, a birki mai ƙarfi ƙaramar motar tana neman hawa ko kutsawa ƙarƙashi, nauyin kuma yana cin notunan gindin. Aka sayo wani ƙarfe mai sauko da mahaɗi, dala 120.

Gwaji na biyu tafiyar awa shida ce. Komai lafiya har suka isa, ya shiga ƙaramar motar ya murɗa makulli, ko ƙyas. Batir ya mutu. Dole ne sitiyari ya zama a sake don tayoyin gaba su bi kwana, wannan kuwa na nufin a bar makulli a matakin farko, inda wasu na'urori ke shan wuta a ɓoye. Ga akwatin birki shi ma daga batirin yake sha. Littafin motar ya faɗi fis ɗin da za a zare in tafiya za ta yi tsawo, ya tsallake wannan layin. Abin da ya fi tayar masa da hankali ba tura mota ba ne: in batir ya mutu a tsakiyar hanya, birkin taimako ya mutu tare da shi ba wanda ya sani. Aka ja wata waya daga babbar motar da ke ciyar da batirin ƙaramar yayin tafiya, dala 150 har da aiki.

Daga nan suka rubuta tsarin tashi a kati suka liƙa. A tada inji, a taka birki, a bi da giya kowane mataki, a tsaya a D na 'yan daƙiƙu, sannan a koma firi daga D, ba daga ribas ba, don littafin ya yi gargaɗi mai zafi a kan wannan. A bar injin ya yi minti uku yana zagaya mai, a kashe. A saki birkin hannu. Kada a wuce mil 65 a awa, kuma in tafiya ta kai awa takwas a maimaita. Shi yana haɗawa, ita tana zagayawa da katin tana dubawa, sannan ta tsaya a gefe ta ga tayoyi huɗun suna juyawa kafin ta shiga.

## Yunin shekarar da ta biyo baya: gangaren nan dai

Kafin su tashi suka hau sikeli. Motar ɗaki 10,800, da rubu'in tankin ruwa. Ƙaramar mota 3,550. Sanda da tarkacenta wajen 100. Jimla 14,450, saura 800 kafin iyaka.

Ya fito daga ramin da gudun mil 40, ya riga ya sauko da giya tun kafin hancin motar ya sunkuya. In gudu ya haura 45 sai ya danna birki da ƙarfi na 'yan daƙiƙu ya dawo da shi 38, ya ɗaga ƙafa gaba ɗaya ya bar faifai su sha iska. Kowane dannawa fitilar da ke gabansa tana nuna akwatin baya ya kama. A ƙasan tudun ya tsaya ya zagaya. Ba ƙauri, ba hayaƙi. Tayoyi takwas da ɗoriya, duk ɗumi ne kawai.

A wannan bazara sun yi mil 6,000 da 'yan kai. Haɗawa minti bakwai, ban da ukun da inji ke yi. Shan mai ya tashi daga mil 15 a galan zuwa 13 da rabi. Ribas har yanzu babu, amma yanzu in an maƙale minti uku ne a zare fil, matar ta ja ƙaramar gefe.

## Hukunci

Kayan da suke aiki a yau sun tashi dala 4,420. Abin da ya tafi a hanya, wato hasarar amalanke, gyaran birki, otal, da harajin sauya mota, 2,900 ne. Duka 7,320.

A cikin 2,900 ɗin nan, 1,100 na sauya mota ba makawa ne muddin ƙafa huɗu a ƙasa ake so. Sauran 1,800 kuwa kuɗin jeri ne: an fara da abin da ya kamata a ƙare da shi. Bayanai biyun da suka yanke komai, shafi ɗaya a littafin ƙaramar mota da takardar sikeli ta ƙasa da dala 20, suna nan tun Fabrairun farko. Da an fara da su, da an san motar gida ba ta jawuwa, an san ragowar 4,220 ce ba 5,000 ba, kuma da ba a ko kalli amalanke marar birki ba.

Ba daidai ba ne a ɗora wa amalanke laifin abin da ya faru a Yuli. Abu uku ne suka haɗu: lodi ya wuce iyaka, abin ja ba birki, direba kuma ya kwantar da ƙafa a kan birki maimakon ya sauko da giya tun daga sama. Mai yiwuwa da ɗaya ya ragu da an sauka da ƙauri kawai. Amalanke mai birki, da tanki rabi da ƙaramar mota fanko, zai iya yin wannan tafiya a cikin iyaka, a kan kuɗin da bai kai rabin 4,420 ba, kuma da sun riƙe sabuwar motarsu. Ga mai ƙarfin gwiwa da ke fita sau biyu ko uku a shekara, ni wannan zan nuna masa. Wanda ke kwancewa ya haɗa sau arba'in a bazara ɗaya, kamar waɗannan, shi ne tsadar sanda ke biya wa kuɗin sabulu.

Dala ɗari biyar zuwa shida da ya tsimi a kan birkin amalanke ita ce mafi tsadar ragi a duk littafinsa, kuma dalilin da ya sa bai gane da wuri ba shi ne wata biyu da ya yi a ƙasa mai shimfiɗa, inda kuskuren ba ya nuna kansa.

Akwai kuma bashin da ke gaba. Motar da suke ja tana tsufa, masu maye gurbinta da suka yarda da ja kuma ba su kai laba 4,000 ba suna ƙara ƙaranci tun da CVT ta mamaye ƙananan motoci. Ranar da za a sauya ta, sanda da akwatin birki da igiyoyi za su bi shi, amma gindin ƙarfe da wayoyi da ladan aiki za su tafi da tsohuwar: kusan dala 2,000 ke nan da za a sake biya.